Abin da Allo Ba Ya Iya Nunawa: Koyar da Ilimin Sinadarai da Samfurin Hannu

Ilimin sinadarai, wanda ɗalibai suka fi sani da kemistiri, yana da wata wahala da ta raba shi da sauran darussan kimiyya, domin abubuwan da yake magana a kansu ba sa ganuwa ga ido, kuma madubin ƙara girma irin wanda ake ajiyewa a ɗakin gwaje-gwajen makaranta ba ya kai wa gare su. Duk abin da ke duniya, daga ruwa zuwa gishiri zuwa jinin jiki, an gina shi ne da atam, wato mafi ƙanƙantar yankin sinadari da ke riƙe da halinsa, kuma idan atam biyu ko fiye suka ɗaure da juna suka zama gungu guda, wannan gungun shi ake kira molekul. Ƙanƙantarsu ta kai matsayin da giram 18 na ruwa, abin da bai fi cokalin cin abinci ɗaya da ɗan ɗoriya ba, yake ɗauke da molekul masu yawan da sai an rubuta 6 an jera mata lambobi 23 a baya. Saboda haka malamin wannan fanni yana neman ɗalibinsa ya fahimci siffa da motsin abin da ba zai taɓa gani ba, alhali kayan aikinsa a mafi yawan lokuta alli ne da allo.

Wannan batu ya shafi yankin arewa maso yammacin Jigawa kai tsaye, domin makarantun gaba da sakandare da ke kusa da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi na kimiyya da fasaha ne. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, wadda aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri jihar, kafin gwamnatin tarayya ta karɓe ta daga baya, kuma a Ɓaɓura akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafa ta a 2021. Ɗalibin da ya fito daga Roni ya nufi ɗayansu, ko ya wuce Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Bayero ta Kano, zai tarar da kemistiri yana jiransa a shekarar farko, ko aikin injiniya ya zo nema, ko noma, ko aikin lafiya. Da yawa daga cikin irin waɗannan ɗalibai sun haye jarrabawar WAEC ko NECO ne da ƙarfin hadda, kuma hadda tana iya riƙe sunayen sinadarai da alamominsu, amma ba ta iya bayyana dalilin da ya sa gishiri ke narkewa a ruwa man gyaɗa kuwa ya taso sama.

Alex Johnstone, masanin koyar da kimiyya na Jami'ar Gilasgo, ya bayyana tushen wahalar a 1982, inda ya nuna cewa ana tunanin kemistiri a matakai uku: abin da ido ke gani, kamar ruwa yana tafasa, abin da ke faruwa tsakanin ƙananan ƙwayoyin da ba a gani, da alamomin da ake rubutawa, kamar H2O. Gwani yana yawo tsakanin matakan uku ba tare da ya lura ba, ɗalibi kuwa yakan maƙale a na uku, ya iya rubuta alama ba tare da wata siffa ta zo masa a zuci ba. Samfurin hannu, wato ƙwallaye da tsinkaye da aka harhaɗa don su wakilci atam da ɗaurin da ke tsakaninsu, an yi shi ne don ya cike gurbin mataki na biyu.

Daga ɗakin bincike ya fito

Masu ganin samfuri wasan yara ne sun manta cewa manyan masana ne suka fara buƙatarsa. A 1865 Bajamushe August Wilhelm von Hofmann ya gabatar da lacca a Landan da ƙwallayen wasa da ya shafa wa fenti ya haɗa su da sanduna, ya sa baƙi ya tsaya wa kabon, fari ya tsaya wa haidirojin, ja ya tsaya wa oksijin, shuɗi kuma ya tsaya wa naitirojin, kuma waɗannan launuka su ake bi har yau. Sai dai samfurorinsa a baje suke kamar zane a takarda, kuma sai a 1874 Jacobus van 't Hoff na Holan da Joseph Le Bel na Faransa, kowa a nasa ɓangaren, suka nuna cewa hannuwa huɗu na atam ɗin kabon ba a shimfiɗe suke ba, suna nufar kusurwoyi huɗu ne na dala mai fuska huɗu. Van 't Hoff ya yanka kwali ya yi irin waɗannan ƙananan dala ya aika wa abokan aikinsa domin su riƙe su gani da kansu.

Haka abin ya ci gaba a ƙarni na 20. A 1948 Linus Pauling, yana kwance ba shi da lafiya a Oksfod, ya zana sarƙar furotin a takarda ya riƙa lanƙwasa ta har ya gano yadda take murɗewa, sakamakon da aka buga a 1951. A 1953 James Watson da Francis Crick sun gano siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, ta hanyar jera yankakken kwali da faifan ƙarfe a Kambirij, suna gwada abin da suka gina da ma'aunan da Rosalind Franklin ta samo. A 1985 kuma, lokacin da Harold Kroto da Robert Curl da Richard Smalley suka ci karo da molekul mai atam 60 na kabon zalla, da takarda da almakashi aka harhaɗa siffarsa, ta fito da fuska 12 masu kusurwa biyar da 20 masu kusurwa shida, daidai da ɗinkin ƙwallon ƙafa. A duk waɗannan, samfurin ya yi aiki ne saboda ya ƙi haɗuwa idan tunanin mai shi kuskure ne, kuma wannan hali nasa shi ne babban amfaninsa a aji.

Ɗaurin ciki da jan waje

Wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne bambanci tsakanin ƙarfi iri biyu. Na farko shi ne ɗaurin da ke riƙe atam da atam a cikin molekul guda, wanda ke samuwa idan suka yi tarayya a kan ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke kewaye da kowane atam. Na biyu shi ne jan da molekul ke yi wa maƙwabcinsa, wanda ya fi na farko rauni nesa ba kusa ba, amma shi ne ke yanke hukuncin ko abu zai zama ruwa ko iska ko daskararre, da abin da zai narke a cikin wani. A wani bincike da Melanie Cooper da abokan aikinta suka buga a 2015, an nemi ɗaliban jami'a a Amurka su zana wannan ja na tsakanin molekul, sai aƙalla kashi 55 cikin 100 suka zana shi a cikin molekul guda, abin da ke nuna cewa ruɗanin ba na matalauciyar makaranta kaɗai ba ne.

Ruwa shi ne mafi kyawun wurin warware wannan ruɗani. Molekul ɗinsa atam ɗin oksijin ɗaya ne da na haidirojin biyu, kuma ba a miƙe suke ba, sun lanƙwashe sun bar kusurwa mai digiri 104.5. Oksijin ya fi haidirojin ƙarfin janyo ilektiron, saboda haka gefensa yana ɗauke da ɗan cajin lantarki mai alamar ɗebewa, gefen haidirojin kuma yana ɗauke da mai alamar tarawa, kuma tun da caji mabambanta suna jan juna, haidirojin na wannan molekul yakan karkata zuwa oksijin na wancan. Wannan ja shi ake kira ɗaurin haidirojin, kuma ƙarfin da ake buƙata don tsinka shi bai kai kashi ɗaya cikin 20 na wanda ake buƙata don raba oksijin da haidirojin a cikin molekul ɗin ba.

Idan aka ba ɗalibai biyar samfurin ruwa kowa da nasa, wanda aka sa wa ƙananan maganaɗisu a gefen ja da gefen fari, abin da suka ji a yatsunsu yakan riga bayanin malami isa. Fari da fari suna ture juna, fari da ja suna mannewa da ɗan ƙara, kuma ja kaɗan ya isa ya raba molekul biyu, alhali fararen ƙwallayen da ke jikin jan suna nan daram. Daga nan tambayar abin da ke cikin kumfar ruwa mai tafasa, wadda ɗalibai da yawa ke amsawa da cewa iskar haidirojin ce da oksijin, takan sami amsarta ta gaskiya, wato molekul ɗin ruwa ne cikakku da suka rabu da maƙwabtansu. Idan kuma aka jera samfurorin ta yadda kowane ɗaya zai riƙe maƙwabta huɗu, za su buɗe su yi zobba masu kusurwa shida da fili a tsakiya, kuma wannan fili shi ne dalilin da ya sa ƙanƙara ta fi ruwan da ta fito daga gare shi girma da kimanin kashi 9 cikin 100, ta taso a saman zoɓo, ledar ruwa kuma ta kumbura a firji.

Wannan darasi yana da shaida a cikin Jigawa kanta. Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar da ke Dutse, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da kayan lambu. Abin da ke sanyaya tukunyar ciki shi ne cewa duk giram ɗaya na ruwa da ya tsattsafo ta jikin yumɓu ya bi iska sai ya tafi da zafin da ya haura jul 2,200, jul kuwa shi ne ma'aunin kuzari, kuma akasarin wannan zafi yana tafiya ne wajen tsinka ɗaurin haidirojin. Ɗalibin da ya raba samfuri biyu da hannunsa ya riga ya san cewa rabuwar tana cin ƙarfi, saura kawai a nuna masa cewa daga tukunyar ciki ake cire shi.

Siffa ce ke yanke hali

Dalilin da ya sa molekul ke ɗaukar siffar da yake ɗauka shi ne cewa rukunonin ilektiron da ke kewaye da atam na tsakiya suna ture juna, kowanne yana neman nisa da ɗan'uwansa, ƙa'idar da Ronald Gillespie da Ronald Nyholm suka tsara a 1957. Balan-balan ta kasuwa ta isa nuna wannan: idan aka ɗaure bakin guda biyu masu girma ɗaya za su miƙe a layi, uku za su baje da digiri 120 a tsakaninsu, huɗu kuwa za su tashi da kansu su yi dalar van 't Hoff mai digiri 109.5, ko da an matse su aka saki. A kan allo ana zana methen, babban sinadarin iskar gas da ake haƙowa daga ƙasa, kamar alamar tarawa mai kusurwoyin digiri 90, kuma ɗalibin da bai taɓa ganin wani abu ba sai wannan zane ba shi da laifi idan ya ɗauka haka abin yake.

Bambancin man shanu da man gyaɗa ma na siffa ne. Akwai sinadaran mai guda biyu da kowannensu ke da sarƙar kabon 18: sitiyarik, wanda ya yawaita a man kaɗanya da kitsen dabba, da oleyik, wanda ya yawaita a man gyaɗa. Sarƙar na farko a miƙe take, ta biyun kuwa tana da ɗauri mai ninki biyu a tsakiyarta wanda ya sa ta gantsare. Idan ɗalibai suka gina guda huɗu na kowanne suka yi ƙoƙarin jera su a teburi, miƙaƙƙun za su kwanta kusa da kusa, gantsararrun kuwa za su bar giɓi, kuma tun da jan da ke tsakanin irin waɗannan molekul yana ƙaruwa ne da yawan wurin da suka shafi juna, sitiyarik ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 69, oleyik kuwa ruwa ne tun zafi bai kai digiri 20 ba. Irin wannan ɗan bambanci ne ya raba sitacin da ke cikin gero da sinadarin da ke cikin karansa, domin dukansu sarƙar sukari iri ɗaya ce, fuskar da mahaɗin ya kalla ce kawai ta sauya, amma cikin mutum yana narkar da ɗaya ya kasa ɗayan.

Akwai kuma abin da kusan ba ya koyuwa sai da samfuri, wato molekul biyu masu atam iri ɗaya da ɗauri iri ɗaya waɗanda suka bambanta kamar hannun dama da na hagu, al'amarin da Louis Pasteur ya fara lura da shi a 1848. Idan aka soka ƙwallaye huɗu masu launi daban-daban a jikin baƙar ƙwallo, aka gina wata da ta zama surarta a madubi, ɗalibi zai yi ta juya su bai taɓa sa su dace da juna ba, kuma a nan zai gane dalilin da ya sa masu haɗa magani ke kula da wane ɓangare suka samar, tun da furotin ɗin jiki kusan duka an gina su ne da ɓangare guda.

Misalin da ya fi kusa da gidajen Hausawa shi ne ciwon sikila, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da shi. Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa matsalar tana cikin himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini, kuma Vernon Ingram ya gano a 1956 cewa a wuri ɗaya tak sauyin yake. A cikin wata sarƙar himogulobin mai tubali 146, tubali na shida, wanda a jinin lafiya yake da caji yana jituwa da ruwa, an maye shi da wani mai gudun ruwa, sai wannan ya riƙa neman mafaka a wani ɗan lungu na himogulobin ɗin da ke kusa idan oksijin ya ragu, su yi ta mannewa har su zama dogayen zaruruwa da ke tanƙwara ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Ɗalibin aikin lafiya da ya fahimci dalilin da mai ke gudun ruwa ya riga ya riƙe rabin bayanin wannan ciwo.

Kayan da ke hannu

Akwatunan samfuri na roba da ake shigo da su suna da kyau, amma aji mai ɗalibai 100 ba zai amfana da akwati ɗaya da malami ke ɗagawa daga gaban allo ba, domin amfanin yana cikin riƙewa da juyawa. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1957, ta daɗe tana kira ga malamai su ƙera kayan koyarwa da abin da ke kusa da su, kuma a ƙasar Roni wannan ba baƙon aiki ba ne, inda yara ke ɓare karan dawa su soka ɓawon a tattausan cikinsa su ƙera mota da gilashin ido. Ana iya mulmula yumɓu a huda shi tun yana ɗanye, a busar, a shafa masa fenti bisa launukan Hofmann, a yi ɗauri da tsinken tsintsiya ko na tsire, a yi ɗauri mai ninki biyu da lanƙwasasshiyar waya. Abin da ya fi buƙatar kula shi ne kusurwa, domin samfurin da aka huda da ka zai koyar da kuskure, kuma maganin hakan shi ne a yanka ma'aunin kwali na digiri 109.5 da 120 da 104.5 a riƙa hudawa a kansa. Inda babu maganaɗisu, ana iya ware tsinke don ɗaurin ciki, a ware zare ko siririyar roba don jan waje, ta yadda hannu ba zai taɓa rikita su ba.

Irin wannan aiki yana taimakon ɗalibin da Ingilishinsa bai nuna ba, domin yana iya nuna abin da ya fahimta ya kuma yi gardama da abokansa da Hausa kafin ya sa shi a rubuce, haka kuma yana buɗe ƙofar fannin ga makaho, wanda zanen allo ba ya yi masa amfanin komai.

Inda samfuri ke ƙarya

Kowane samfuri yana faɗin gaskiya a wani wuri ya yi ƙarya a wani, kuma wajibin malami ne ya bayyana duka biyun. Atam ba shi da launi, ba dunƙulallen abu ba ne mai tauri, kuma babu wani tsinke tsakanin atam biyu. Samfurin ƙwallo da tsinke yana nuna kusurwa sarai amma yana sa a zaci akwai fili a cikin molekul, shi ya sa Robert Corey da Pauling suka ƙera wani iri a farkon shekarun 1950 wanda ƙwallayensa ke cuɗe da juna don nuna ainihin wurin da molekul ke ci. Maganaɗisun samfurin ruwa yana iya sa ɗalibi ya zaci jan na maganaɗisu ne alhali na lantarki ne, kuma samfuri yana zaune shiru a teburi alhali molekul ɗin ruwa suna ƙulla ɗauri suna kwancewa sau biliyoyi a daƙiƙa guda. A nan ne hotunan kwamfuta da na wayar hannu masu motsi suke da gurbinsu, a matsayin cikon abin da hannu ya fara.

Haka kuma ajiye samfuri a gaban ɗalibi ba ya wadatarwa. Andrew Stull da Mary Hegarty da abokan aikinsu sun ruwaito a 2012 cewa ɗalibai da dama ba sa ko taɓa samfurin da aka ba su yayin warware tambaya, kuma waɗanda suka ɗauka suka juya shi su ne suka fi yin daidai. Wannan ya yi daidai da nazarin Scott Freeman da abokan aikinsa na 2014, wanda ya tattara bincike 225 ya gano cewa faɗuwa a darussan kimiyya ta kai kusan kashi 34 cikin 100 inda ake lacca zalla, ta sauko zuwa kusan 22 inda ɗalibai ke aiki da kansu a cikin aji. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a sa ɗalibi ya yi hasashe tukuna, ya gina, ya gwada hasashensa da abin da ya gina, sannan ya mayar da shi zane da alama, domin a takarda za a jarraba shi. Wannan yana nufin malami ya rage yawan abin da yake karantowa, makaranta ta ware lokaci da tebura, masu shirya jarrabawa kuma su riƙa tambayar dalilin da ya sa sinadarai biyu masu atam iri ɗaya, kamar etanol mai tafasa a digiri 78 da ɗan'uwansa mai tafasa a kusan digiri 24 ƙasa da sifili, suka sha bamban haka. Muddin ma'anar kalma kawai jarrabawa ke nema, ɗalibi zai ci gaba da hadda domin ita ce ke biyan bukatarsa, kuma samfurin, na roba ne ko na yumɓu, zai zauna a kabad.